Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke auna kwal ɗin da ƙasa ta haƙo?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wani malamin makarantar sakandare a Gombe. Ga abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa. A littattafan da muke karantarwa da su, haka ma a rediyo, nakan ji ana cewa Amurka ta haƙo tan miliyan kaza na kwal a shekara, ƙasar Sin ta ƙona tan biliyan kaza. Ran nan wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce, 'Malam, wa ya tsaya ya auna?' Na rasa amsar da zan ba shi. Shin gwamnatoci aunawa suke yi, ko kintace ne kawai? Kuma ina ruwan gwamnati da yawan kwal ɗin da ɗan kasuwa ya haƙo ya sayar?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka gaishe mana da wannan ɗalibi, don ya yi tambayar da manya da yawa ba sa yi. Mutum zai ji adadi a rediyo ya haɗiye shi ɗungurungum, ko kuma ya yi tsaki ya ce duk ƙarya ce, alhali bai san ta inda aka bi aka samo shi ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu raba kwal da gawayi, domin a bakin mutanenmu sukan cakuɗe. Gawayi itace ne da aka ƙona aka kashe, wanda mai shayi da mai guga da mai gasa masara suka sani. Kwal kuwa ma'adini ne, dutse baƙi da ake haƙowa daga ƙasa, ragowar dazuzzukan da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi. Shi ake ƙonawa a tashoshin lantarki da masana'antun siminti da na ƙarfe. Maganarmu a kansa take.

Amsar a dunƙule ita ce, babu wani ma'aikacin gwamnati da ke tsaye a bakin rami da sikeli. Kamfanonin ne da kansu suke aunawa, saboda kuɗinsu na wurin: mai sayarwa ba zai bari a kwashe masa kaya ba awo ba, mai saye kuma ba zai biya kuɗin abin da bai shigo hannunsa ba. Aikin gwamnati shi ne ta kafa doka ta tilasta wa kowannensu ya faɗi abin da sikelinsa ya nuna, sannan ta ɗauki maganar wannan ta gwada da ta wancan. Ingancin adadin ya rataya ne a kan wannan gwadawar. Zan ɗauki Amurka a matsayin misali, saboda tsarinta a buɗe yake, kowa na iya ganin fom ɗin da ake cikewa da sakamakon da ya fito.

Tun a shekarun 1880 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fara fitar da rahoton shekara kan ma'adinan da aka haƙa. A watan Disamban 1907 wani rami ya fashe a garin Monongah na jihar West Virginia, adadin hukuma ya ce mutum 362 suka mutu, kuma an daɗe ana jayayya cewa sun fi haka, don ba a san takamaimai yawan waɗanda suka shiga ramin a ranar ba. Irin waɗannan masifu ne suka sa aka kafa hukumar ma'adinai a 1910, ita kuma ta karɓi aikin tattara alƙaluman kwal daga baya. Sai kuma 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Layuka suka cika gidajen mai, 'yan majalisa suka tambayi gwamnati yawan makamashin da ke ƙasar, sai aka ga mafi yawan abin da gwamnati ta sani daga bakin kamfanoni da ƙungiyoyinsu ta ji shi, yadda suka ga dama suka faɗa. A 1974 aka yi dokar da ta wajabta wa kamfanonin makamashi ba da bayani, a 1977 kuma, zamanin Shugaba Jimmy Carter, aka kafa Hukumar Bayanan Makamashi, wadda ake taƙaita sunanta da EIA.

Akwai wani sharaɗi a dokar kafa ta da ya kamata ka faɗa wa ɗalibanka. Shugaban hukumar ba ya bukatar amincewar kowane jami'in gwamnati kafin ya wallafa alƙalumansa, ko da ministan makamashi ne da hukumar ke ƙarƙashin ma'aikatarsa. Waɗanda suka rubuta dokar sun san halin mai mulki: idan adadi ya yi masa daɗi zai buga ganga, idan bai yi ba zai so a jinkirta shi har a wuce zaɓe.

Yanzu mu bi kwal ɗin daga rami zuwa tanderu, mu ga inda ake tare shi a ƙirga.

Tarewar farko a mahaƙa ce. A manyan mahaƙu kwal yana tafiya ne a kan doguwar bel mai juyawa, ƙarƙashinta kuma akwai sikeli da ke lissafa duk abin da ya wuce. Duk wata uku kowace mahaƙa, babba ko ƙarama, dole ta aika wa hukumar kula da lafiyar masu haƙar ma'adinai, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, fom mai ɗauke da abu uku: yawan ma'aikata, sa'o'in da suka yi aiki, da tan nawa aka fitar. Ka lura, wannan hukumar damuwarta haɗurra ce. Tana son sa'o'in aiki ne don ta lissafa mutum nawa suka ji rauni a cikin kowane sa'o'i 200,000 na aiki, ta gane mahaƙar da ke cin mutane. Amma tunda ta riga ta karɓi adadin tan, sai EIA ta ɗauka daga wajenta maimakon a sa kamfani cike fom biyu a kan abu ɗaya. Sau ɗaya a shekara kuma EIA tana aika nata dogon fom ga manyan mahaƙu, tana tambayar irin kwal ɗin, ko a buɗaɗɗen fili ake haƙa ko a ƙarƙashin ƙasa, nawa ya rage da za a iya fitarwa, nawa aka sayar, da kuɗin da aka samu. Wanda ya ƙi amsawa tara ce ke jiransa.

Ko a nan ma akwai wurin tuntuɓe. Abin da ya fito daga rami ba duka ne kwal ba, yana haɗe da duwatsu da laka. A wurare da yawa sai an wanke shi an tace, kamar yadda ake sheƙe hatsi a fitar da ƙaiƙayi, kuma abin da ake zubarwa yana da yawa ƙwarai. Amurka tana ƙirga wanda aka tace, mai shiga kasuwa. Ƙasar Sin kuwa babban adadin da take bugawa na ɗanyen kwal ne, yadda ya fito daga rami. Wanda ya jera adadin ƙasashen biyu bai san da wannan ba, ya gwada shanshera da sheƙaƙƙiyar shinkafa.

Tarewa ta biyu a hanya take, kuma a nan ne kintacen da kake zargi ya shigo. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kwal ɗin da ke zuwa tashoshin lantarkin Amurka a jirgin ƙasa yake tafiya, jirgi ɗaya yana jan tarago fiye da ɗari, kowane tarago na ɗauke da tan ɗari ko sama da haka. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa tana fitar da yawan taragon da aka yi wa lodin kwal duk mako. EIA sai ta ɗauki wannan adadi, ta yi amfani da abin da ta sani daga baya game da nauyin tarago da kason da ke bin jirgin ruwa ko mota, ta fitar da hasashen abin da aka haƙa a makon. Ba ta ɓoye cewa hasashe ne. Idan rahoton wata uku na mahaƙu ya iso, sai ta koma ta gyara makonnin da suka wuce. Saboda haka idan ka ga adadin shekara ɗaya ya ɗan bambanta tsakanin littafi biyu, sau da yawa ɗaya ya ɗauki na farko ne, ɗayan ya ɗauki gyararre.

Tarewa ta uku ita ce a wurin mai ƙonawa, kuma a ganina ita ta fi kowacce ƙarfi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na kwal ɗin da Amurka ke amfani da shi tashoshin lantarki ne ke cinyewa. Manyan tashoshi suna cike fom duk wata, sauran kuma sau ɗaya a shekara, kuma fom ne mai bin ƙwaƙƙwafi: tan nawa ya shigo, daga wace mahaƙa a wace jiha, ta wace hanya, nawa aka biya, nawa aka ƙona, wutar lantarki nawa aka samu, nawa ya rage a tsibi. Har ingancinsa ake tambaya, wato zafin da yake bayarwa, da yawan farar wuta da toka da ke cikinsa. Masana'antu da masu gasa kwal don narka ƙarfe su ma suna da nasu fom na wata uku-uku. Wanda ya fita waje ko ya shigo kuwa, takardun kwastam ne ke nuna shi.

Amfanin wannan shi ne tashar lantarki ba ta da wata riba a rufa wa mahaƙa asiri. Idan mahaƙa ta rage adadinta don gudun haraji, takardar mai saye za ta tona ta. Ita ma tashar ba za ta iya faɗar abin da ta ga dama ba, domin an san wutar da ta sayar, an kuma san zafin da ake bukata kafin a samar da wannan wutar. Tashar da ta ce ta ƙona kaɗan ta samu wuta mai yawa, za a kira ta a waya ta yi bayani.

Daga nan sai lissafi irin na mai shago. A haɗa abin da aka haƙa da wanda aka shigo da shi, a cire wanda aka fitar, a duba ko tsibi ya ƙaru ko ya ragu, abin da ya saura ya kamata ya yi daidai da abin da aka ƙona. Ba ya taɓa yin daidai cif. Kwal yana shan ruwan sama ya yi nauyi, ya bushe ya yi sauƙi. Iska tana kwashe ƙurarsa daga taragon da ba rufi. Wani yana kan hanya ranar da wata ya ƙare. Tsibin da ya kai girman tudu kuma ba a ɗora shi a sikeli, girmansa ake aunawa a lissafa nauyi. Abin da ya burge ni shi ne ba a share wannan giɓin. Akwai layi na musamman a jadawalin hukumar da ake rubuta shi a matsayin wanda ya salwanta ko ba a gano inda ya shiga ba. Ni dai teburin alƙaluman da komai nasa ya zo daidai ba saura ko kwabo, shi na fi tsoro.

Sai maganar tan ɗin kansa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a garuruwa biyu ya san tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba, kuma buhu suna ne kawai. Haka tan yake. Na Amurka kilo 907 ne. Wanda yawancin duniya ke amfani da shi kilo 1,000 ne. Tsohon tan na Ingila, wanda za ka gani a takardun zamanin mulkin mallaka, kilo 1,016 ne. Bambancin kusan kashi goma cikin ɗari kenan tsakanin na Amurka da na sauran duniya, kuma a kan tan miliyan ɗari biyar wannan ba ƙaramin tsibi ba ne. Bayan haka kwal ɗin kansa hawa-hawa ne. Akwai mai tauri da sheƙi, akwai baƙi mai laushi da ake yawan amfani da shi, akwai na ƙasa da shi, akwai ruwan ƙasa mai danshi wanda Jamus ta daɗe tana ƙonawa. Tan ɗaya na mai kyau yana iya ba da zafin tan biyu na ruwan ƙasan. Shi ya sa masana, idan za su gwada ƙasa da ƙasa, suke mayar da komai ma'aunin zafi.

Game da kasuwa, a nan hannun gwamnati bai kai yadda mutane suke zato ba. Yawancin kwal ana sayar da shi ne ta yarjejeniyar shekaru tsakanin mahaƙa da tasha, farashin kuma sirrin ciniki ne. EIA tana karɓar wannan bayani, amma matsakaicin farashi na jiha ko yanki take bugawa. Idan kamfani ɗaya ko biyu ne kawai a jihar, har za a iya gane na wane ne, sai ta sa alamar cewa an riƙe adadin. Ba don haka ba, babu kamfanin da zai faɗi gaskiya, don abokin gasarsa na karantawa. Farashin saye-nan-take da take bugawa duk mako kuwa daga wani kamfani mai zaman kansa take samo shi, wanda aikinsa bin dillalai yana tambayar yadda aka yi ciniki. Alƙaluman suna nuna abin mamaki: kwal ɗin kwarin Powder River a jihar Wyoming ya daɗe ana sayar da shi dala goma sha wani abu kan tan a bakin mahaƙa, na tsaunukan Appalachia kuwa ya ninka haka sau da yawa. Na Wyoming a buɗaɗɗen fili ake kwasarsa, zafinsa kaɗan ne, kuma yana da nisa da masu saye, har kuɗin jirgin ƙasa yakan fi kuɗin kayan. A kasuwar duniya ana kallon farashin tashar ruwan Newcastle ta Ostireliya, wanda a 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, ya haura dala 400 kan tan.

To, ina ruwan gwamnati? Ruwanta na farko shi ne kada a wayi gari babu wuta. Kwal ba kamar iskar gas ba ne da ke zuwa ta bututu. Jibge shi ake yi kusa da tasha, kuma abin da ake lura da shi shi ne kwana nawa tsibin zai kai. A watan Satumban 2021 ajiyar tashoshin Amurka ta sauko zuwa kimanin tan miliyan 80, mafi ƙanƙanta tun 1978. A farkon Oktoban 2021, Indiya ta fi shiga tsaka mai wuya: rahoton da hukumar lantarkinta ke fitarwa kullum ya nuna ajiyar tashoshi ba ta wuce ta kwana huɗu ba a matsakaici, a ƙasar da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga kwal ne. Wannan rahoton na kullum shi ya nuna wa hukuma tashar da za a fara tura wa jirgi. Birtaniya ma ta san darajar wannan lissafi. Rikicin gwamnati da masu haƙar kwal ya sa an mayar da masana'antu aikin kwana uku a mako a farkon 1974, gwamnatin lokacin kuma ta faɗi zaɓe. Da Margaret Thatcher ta hau mulki, sai da ta sa aka cika tashoshi da kwal kafin babban yajin aikin 1984, kuma wannan ajiyar na cikin abin da ya karya ƙungiyar ƙwadagon masu haƙar kwal.

Ruwanta na biyu kuɗi ne. A Amurka akwai harajin dala 1.10 kan kowane tan da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa, da santi 55 kan na buɗaɗɗen fili, wanda ake zubawa a asusun jinyar ma'aikatan da ƙurar kwal ta lalata wa huhu. Akwai kuma wani kuɗin da ake karɓa kan kowane tan don gyara tsofaffin ramukan da aka gudu aka bari. Duk tan ɗin da bai shiga littafi ba, hakkin wani mara lafiya ne ya ɓata. Sai kuma maganar hayaƙi: babu mai auna duk iskar da ƙasa ta fitar a sama, daga yawan makamashin da aka ƙona ake lissafa ta. Alkawuran sauyin yanayi da ake yi a tarukan duniya a kan waɗannan alƙaluma suke zaune.

Kuma alƙaluman da aka daɗe ana tarawa suna ba da labarin da surutun siyasa ba ya iya canzawa. Amurka ta kai ƙololuwar haƙo kwal a 2008 da tan miliyan 1,172 na irin awonta. A 2023 abin ya dawo kimanin miliyan 578. A tsakiyar shekarun 2000 kusan rabin wutar ƙasar daga kwal ne, a 2023 ya koma kashi 16 cikin ɗari, kuma tun 2016 iskar gas ta sha gabansa. Ma'aikatan haƙar kwal sun haura 800,000 a farkon shekarun 1920, yanzu ba su kai 50,000 ba. Wyoming ita kaɗai tana ba da kusan kashi 40 cikin ɗari na kwal ɗin ƙasar da ma'aikata 'yan dubbai, domin injina ne ke aikin. Shugabanni sun zo sun yi alkawarin farfaɗo da kwal, wasu sun yi alkawarin binne shi, jadawalin kuma yana fitowa a ranarsa.

Kada ka ɗauka ko'ina haka abin yake tafiya sumul. Ƙasar Sin ita ke haƙo fiye da rabin kwal ɗin duniya, sama da tan biliyan 4.5 a shekara, cikin fiye da biliyan 8 da duniya ke ƙonawa. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatinta ta ba da umarnin rufe dubban ƙananan mahaƙu na ƙauyuka saboda haɗurra. Alƙaluman hukuma suka nuna haƙa ya faɗi daga kusan tan biliyan 1.4 a 1996 zuwa kusan biliyan 1 a 2000, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ke bunƙasa. Masana suka yi ta mamakin yadda masana'antu ke ƙaruwa makamashi na raguwa. Ashe da yawa daga cikin ramukan a takarda aka rufe su. Jami'an gunduma sun aika wa na sama abin da suke son ji, ramukan kuma suka ci gaba da aiki ba sa cikin lissafi. Daga baya hukumar ƙididdigar ƙasar ta gyara adadin 2000 zuwa kimanin biliyan 1.3. A 2015 kuma, bayan ƙidayar masana'antu ta 2013, ta sake gyara alƙaluman shekaru da dama, aka ga a wasu shekarun kwal ɗin da aka ƙona ya fi abin da aka faɗa da kusan kashi 17 cikin ɗari. Labarin ya bazu ana saura makonni a yi taron sauyin yanayi na birnin Faris.

Wasu sun ɗauki wannan hujjar cewa alƙaluman Sin ƙarya ne. Ni ba haka na karanta shi ba. Kuskuren ya samo asali ne daga ɗora wa mutum ɗaya aiki biyu: shi aka ce ya rufe ramuka, shi kuma aka ce ya kawo rahoton ko an rufe. Duk inda ƙarin girman jami'i ya dogara da adadin da shi da kansa zai rubuta, an san abin da zai rubuta. Gyaran kuwa hukumar ƙasar ce ta yi shi da kanta ta buga, kuma wannan abin a yaba ne.

Mu dawo gida, tunda kai a Gombe kake, kuma kwal ba baƙo ba ne a wurinku: ga mahaƙar Maiganga a ƙaramar hukumar Akko, wadda ke ciyar da masana'antar simintin Ashaka. An gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal a 1916 don fitar da shi. A wancan zamanin ƙirga ba ta da wuya, domin mai haƙa ɗaya ne, wato gwamnati, masu saye kuma 'yan kaɗan, mafi girmansu hukumar jiragen ƙasa. Takardun sun nuna an kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950 da kimanin tan 900,000 a shekara, abin da bai kai na yini guda na Amurka a 2008 ba. Jiragen ƙasa suka koma dizal, aka gina madatsar Kainji, yaƙin basasa ya zo ramuka suka cika da ruwa, harkar ta durƙushe.

Yau kwal ya dawo ta hannun masu siminti a Gombe da Kogi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya riƙa kai rahoton abin da ya haƙa ya biya kason gwamnati, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana buga alƙaluman ma'adinai jiha-jiha, hukumar NEITI kuma tana gwada abin da kamfanoni suka ce sun biya da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Manyan kamfanoni suna shiga wannan raga. Masu haƙa da diga da shebur, waɗanda ke loda tifa su sayar hannu da hannu, su ne ba sa shiga. Kuma har yanzu ƙarfin lissafinmu a bakin mai haƙa yake. Tarewa ta biyu da ta uku, wato a hanya da wurin mai ƙonawa, su ne ba mu gina yadda ya kamata ba. Ko yawan kwal ɗin da ke kwance a ƙasa ma, za ka ga takardar gwamnati ta ce tan miliyan 639 aka tabbatar, wata ta ce biliyan 2.75. Ba saɓani ba ne: na farko wanda aka huda ƙasa aka gani ne, na biyu wanda ake kyautata zaton yana nan. Amma 'yan siyasa na biyun suka fi so.

A Nijar abin ya fi sauƙi. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, yana ƙona kusan dukkansa a tasharsa da ke nan gefe, wutar kuma ta tafi mahaƙun yuraniyom na Arlit da garin Agadas. Rami ɗaya, tanderu ɗaya, ba inda kaya zai ɓace a hanya.

Saboda haka, Malam, ka ce wa ɗalibinka an auna, an kuma kintata, kuma hukuma ta gari tana faɗa maka wanne ne wanne. Ka koya masa idan ya ga adadi ya duba ƙasan jadawalin: wace hukuma ce ta fitar, da wane tan aka auna, na farko ne ko gyararre. Sannan ka ba ajin aikin gida su nemo rahoton NEITI na ma'adinai a intanet, su duba tan nawa na kwal aka rubuta wa jihar Gombe, su gwada da na Hukumar Ƙididdiga na shekarar da rahoton ya shafa. Abin da suka samu, ku aiko mana.